Yadda Gwamnatin Amurka Ke Agaza wa Manomanta, da Waɗanda Ke Tsare da Ƙofar

Ran 3 ga watan Oktoba, 2013, aka soma ruwan sama a yammacin Jihar Dakota ta Kudu, can cikin ƙasar Amurka. Ƙasar kiwo ce mai faɗi, mutum ɗaya yakan mallaki shanu ɗari da ɗoriya. Ruwan ya jiƙa shanu sharkaf, sa'an nan iska ta juya, sanyi ya sauko, ruwan ya koma dusar ƙanƙara, aka yi kwana biyu tana zuba. Da ma shanun ba su riga sun yi gashin ɗari ba, masu su kuma ba su komo da su kusa da gida ba tukuna, domin lokacin bai yi ba. Iska ta yi ta kora su har suka dunƙule a jikin shinge da cikin kwazazzabai, dusa ta binne su. Da gari ya washe aka tarar shanu fiye da 20,000 sun hallaka.

Bisa ga al'adar ƙasar, wanda irin wannan ta auka wa sai ya nufi ofishin gona na gundumarsa ya kai rahoto. Makiyayan nan da suka je sai suka iske ƙofa a kulle. Ashe tun ran 1 ga wata Majalisar Dokokin Tarayya ta kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, aka rufe ofisoshin Gwamnati har kwana 16. Bugu da ƙari, dokar da ta ba da iznin biyan diyyar dabbobi wa'adinta ya ƙare tun watan Satumba, 2011, ba a kuwa sabunta ta ba. Shawara ɗaya aka yi ta ba su, watau kowa ya ɗauki hoton gawawwakin, ya cire lambar da ke kunnen kowace saniya ya adana, ya nemi shaida wanda ba ɗan gidansa ba, ya rubuta adadi da rana.

Mun fara da wannan labari ne domin ya nuna abin da muke so mu yi magana a kai. In muka ji an ce Gwamnatin Amurka ta ware miliyoyin daloli don agaza wa manoma, sai mu zaci kuɗin daga Washinton suke tashi su faɗa aljihun manomi. Ba haka abin yake ba. Kuɗin sai sun ratsa ta wani ƙaramin ofis na gunduma, inda akwai akawuna da fayil-fayil, da wani kwamiti na manoma wanda manoman wurin suka zaɓa da kansu. Ku malamai da kuka saba da riƙon littafin ofis, kun fi kowa sanin cewa mai riƙe da alƙalami ba ƙaramin mutum ba ne.

ASALIN KWAMITI

Hukumar da ke wannan aiki yanzu ana kiranta FSA a taƙaice, ma'anar sunan kuwa Hukumar Hidimar Manoma. Reshe ce ta Ma'aikatar Gona ta Tarayya, tana da ofis fiye da 2,000 a gundumomin ƙasar. A 1994 aka kafa ta da wannan siffa, sa'ad da aka gama tsohuwar hukumar da ke lura da farashin amfanin gona da sashen ba da rance na wata hukuma dabam. Amma tushenta ya komo baya har 1933.

A waɗannan shekaru kasuwar duniya ta faɗi. Laba ɗaya ta auduga wadda ake saye kimanin santi 17 a 1929, kafin 1932 ta komo wajen santi 6. A Jihar Iowa masara ta yi arha har waɗansu suka riƙa hura wuta da ita maimakon gawayi. Bankuna suka shiga karɓe gonakin da aka jinginar musu. Da Shugaba Franklin Roosevelt ya hau mulki, sai ran 12 ga Mayu, 1933, ya sa hannu a wata doka mai ban mamaki: Gwamnati za ta biya manomi kuɗi don ya rage abin da yake shukawa, ko kaya su yi ƙaranci farashi ya tashi. A wannan shekara aka bi da garma a kan auduga kimanin eka miliyan 10 bayan ta riga ta tsiro. An ce har alfadarai suka riƙa turjewa, don an horar da su tun suna ƙanana kada su taka kunya.

To, ga tambaya. Wa zai auna gonar kowane mutum a ƙasa mai gona wajen miliyan 6 da rabi? Wa zai ce wane eka 40 ya saba shukawa, saboda haka bana 30 zai yi? In Gwamnati ta aiko da baƙon ma'aikaci daga birni, manoma za su ruɗe shi, kuma ba za su yarda da hukuncinsa ba. Ministan Gona na lokacin, Henry Wallace, da mashawartansa suka ga ba abin da ya fi sai a sa manoman kowace gunduma su zaɓi waɗansu daga cikinsu su yi wannan rabo, tun da yake maƙwabci ya san iyakar gonar maƙwabcinsa. A watan Janairu, 1936, Kotun Ƙoli ta soke dokar farko, amma Majalisa ta yi wata a 1936, ta kuma yi wata a 1938, kowacce kuwa ta riƙe kwamitocin nan. Daidai wannan zamani ne fari ya addabi Oklahoma da Kansas da Teksas, iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana rufe rana da ita, kamar yadda ya faru ran 14 ga Afrilu, 1935. Saboda haka aikin kwamiti ya ƙaru, ya haɗa da kare ƙasa daga zaizaya, daga baya kuma har da agajin masifa.

YADDA AKE ZAƁEN

Kowane kwamiti mutum 3 ne zuwa 11, galibi dai uku zuwa biyar. Ana kasa gunduma shiyya-shiyya, kowace shiyya da wakilinta, wa'adinsa shekara uku. Ba a sauke su gaba ɗaya; kowace shekara wata shiyya ce ke zaɓe, domin kullum a sami tsohon hannu a zaure. Wanda ya yi wa'adi uku a jere sai ya sauka ya huta.

Bisa al'ada, daga tsakiyar watan Yuni zuwa farkon Agusta ake karɓar sunayen 'yan takara. Mutum yana iya tsai da kansa, ko maƙwabci ya tsai da shi, ko wata ƙungiyar manoma, muddin ya sa hannu ya yarda. Ba ruwan jam'iyyar siyasa a ciki. A farkon Nuwamba ofis yakan aika wa kowane mai ikon zaɓe takardar ƙuri'a ta gidan waya, ya cika ya mayar kafin Litinin ta farko ta Disamba, wanda ya ci ya kama aiki ran 1 ga Janairu. Mai ikon zaɓe kuwa shi ne duk manomi ko makiyayi wanda sunansa ke cikin littafin ofishin, mace ko namiji, mai gona ko ɗan haya. A duk ƙasar 'yan kwamitin sun haura 7,700. Tun daga 2020 ma an buɗe irinsu a cikin manyan birane kamar Filadelfiya da Cleveland, saboda masu lambu a cikin gari.

Aikin ba na albashi ba ne, sai ɗan kuɗin zama da na tafiya, ga shi kuma wajen sau ɗaya a wata ake taruwa. Wataƙila shi ya sa mutane suka raina shi: galibin takardun ƙuri'a da ake aikawa ba su komowa, sau da yawa ma ɗan takara ɗaya ne tak. Mu a ganinmu wannan sakaci ne babba, in aka dubi abin da ke hannun mutanen nan. Su ne ke ɗaukar shugaban ofishin gunduma aiki, su ne kuma ke lura da shi. Su ke duba takardun masu neman agajin masifa, su ce wannan hasara ta tabbata, waccan ba ta tabbata ba. Su ke sauraron ƙarar manomin da bai yarda da abin da akawu ya rubuta ba. Ba su da ikon yin doka, sai dai su bi wadda Majalisa ta yi, amma kowa ya san tsakanin doka da aikata ta akwai fili.

AGAJI DA RANCE

Abin da ke fitowa daga ofishin nan iri biyu ne: akwai kyauta wadda ba a biya, akwai rance.

Wajen kyautar, in sanyi ko ambaliya ko gobarar daji ta kashe dabbobin mutum fiye da abin da aka saba rasawa kowace shekara, Gwamnati takan biya shi kashi 75 cikin 100 na kuɗinsu a kasuwa. In fari ya ƙone makiyaya, akwai taimakon sayen abincin dabbobi. In ruwa ya kwashe shinge ko ya tara yashi a gona, Gwamnati takan ɗauki har kashi 75 cikin 100 na kuɗin gyara. Manyan amfanin gona kamar masara da alkama da auduga suna da inshora, wadda aka soma tun 1938, wani sashe dabam ke lura da ita. Amma mai shuka abin da inshora ba ta karɓa, kamar waɗansu kayan lambu, yana iya yin rajista a ofishin kafin shuka. In hasararsa ta wuce rabi sai a biya shi wani abu. Sharaɗin fa shi ne ya kai rahoto cikin kwana 15. Wanda ya makara sai ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi dalili.

Rancen masifa kuwa ba ya buɗewa sai Shugaban Ƙasa ko Ministan Gona ya shelanta cewa gunduma kaza masifa ta auka mata; gundumomin da ke iyaka da ita su ma sukan shiga ciki. A da wannan shela takan daɗe, sai Gwamnan Jiha ya rubuta, an bincika, an amsa. A babban farin 2012, wanda ya shafi gunduma fiye da 2,000, aka gajarta hanya: in taswirar fari da masana ke fitarwa kowane mako ta nuna gunduma cikin fari mai tsanani mako takwas a jere a lokacin noma, shi ke nan ta shiga. Daga ranar shela manomi yana da wata takwas ya kawo takardarsa. Iyakar abin da za a ranta masa dala 500,000, ruwan kuɗin kuma bai kai na banki ba. Na hasarar amfanin gona da dabbobi yawanci cikin shekara ɗaya zuwa bakwai ake biya, na gini da ƙasa yakan kai shekara 30 ko fiye.

Ban da wannan akwai rancen sayen gona da rancen aikin damina, watau na iri da taki da mai. Dokar gona ta 2018 ta sa iyakar na farko dala 600,000, na biyu 400,000. A 2013 aka fito da ƙaramin rance mai sauƙin takardu don ƙananan manoma, daga baya aka kai iyakarsa dala 50,000. Malaman makaranta za su so su ji cewa har yara masu shekara 10 zuwa 20 akwai ɗan rancen da ake ba su, su yi kiwon ɗan maraƙi ko lambu a ƙarƙashin kulawar wani babba, su koyi biyan bashi tun da ƙuruciya.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata a lura da shi ƙwarai. Gwamnati ba ta ranta wa wanda banki zai ranta wa. Sai mutum ya nuna ya nema wani wuri bai samu ba. Ke nan wanda ya zo ofishin nan, ƙofarsa ta ƙarshe ke nan. In aka rufe masa ita, ba shi da wata sai sayar da gona.

INDA ABIN YA ƁACI

Dabarar sa maƙwabci ya yi wa maƙwabci hukunci tana da kyau in maƙwabtan daidai suke. A jihohin Kudu ba haka suke ba. Can yawancin masu aikin auduga 'yan noma-mu-raba ne, baƙar fata da talakawan Turawa, ƙasar kuwa ta waɗansu manyan masu gona ce. Tun a 1933 kwamitoci suka faɗa hannun manyan nan. Kuɗin rage shuka sai aka riƙa miƙa wa mai ƙasa, wai ya raba da masu yi masa noma. Da yawa suka riƙe kuɗin, suka sayi tarakta, suka sallami mutanen da suka rage musu aiki. Wannan ne ya sa a 1934 'yan noma-mu-raba na Arkansas, baƙi da farare, suka haɗa ƙungiya guda, abin da ba a saba gani ba a wannan ƙasa a lokacin.

Shekara talatin bayan haka ba abin da ya sake. A lokacin zaɓen hawa biyu ne: manoma su zaɓi wakilan unguwa, wakilan unguwa su zaɓi kwamitin gunduma. A 1965 Hukumar Kare Hakkin 'Yan Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto, ta ce cikin wakilan unguwa wajen 37,000 da aka zaɓa a Kudu a 1964, baƙar fata 75 ne kaɗai, a kwamitin gunduma kuwa ko ɗaya babu. Ga shi kwamitin nan shi ke cewa wane eka nawa na auduga ko taba ko gyaɗa zai shuka. A 1964 da 1965 samari masu fafutukar 'yanci suka shiga ƙauyukan Misisipi da Alabama suna ƙarfafa manoma baƙar fata su tsaya takara. Aka bi su da makirci iri-iri: a kori ɗan haya daga gona don ya yi ƙuri'a, a kama masu sa ido a rumfar zaɓe, ko a cika takardar ƙuri'a da sunayen baƙar fata barkatai don ƙuri'unsu su watse.

Wajen rance ma haka. Ba lalle ne a ce wa mutum an hana shi ba. A dai ce takardarsa ta ɓace, ko ya komo mako mai zuwa, ko a ba shi rabin abin da ya nema, ko kuɗin iri su fito bayan lokacin shuka ya wuce. Wanda ya yi shukar makara ya girbe kaɗan, wanda ya girbe kaɗan ya kasa biya, wanda ya kasa biya a karɓe gonar da ya jinginar. Wani kwamitin bincike na Ma'aikatar Gona kanta ya faɗa a 1997 cewa a waɗansu jihohin Kudu takardar baƙar fata takan daɗe ninki uku na ta Bature kafin a gama da ita. Masu kai kuka Washinton kuma ba su sani ba, tun 1983 aka wargaza sashen da ke binciken irin wannan ƙara.

A 1920 manoma baƙar fata sun kai 925,000, watau wajen ɗaya cikin bakwai na manoman ƙasar. Kafin 1982 sun komo wajen 33,000. Gaskiya ce ba wannan zalunci kaɗai ya jawo haka ba; injuna sun rage bukatar hannu, mutane da yawa sun yi ƙaura zuwa biranen Arewa don aikin masana'antu, gonakin Turawa ma sun ragu, har ya zama gonakin ƙasar duka yanzu ba su kai miliyan 2 ba. Amma raguwar baƙar fata ta fi ta kowa sauri nesa ba kusa ba.

A 1997 wani manomi daga Karolina ta Arewa, Timothy Pigford, tare da waɗansu 'yan'uwansa manoma suka kai Ministan Gona, Dan Glickman, ƙara. Gwamnati ta zaɓi sulhu, Alƙali Paul Friedman ya tabbatar da shi a watan Afrilu, 1999. Wanda ya kawo hujja gwargwado cewa an nuna masa bambanci tsakanin 1981 da 1996 aka ba shi dala 50,000, aka yafe masa bashin da abin ya shafa. Mutum fiye da 15,000 suka samu, jimlar kuɗin ta kai wajen dala miliyan 1,000. Waɗansu dubbai masu yawa ba su ji labari da wuri ba, suka makara. Sai a 2010 aka tanadi dala miliyan 1,250 dominsu. A wannan shekara aka sasanta irin wannan ƙara da Indiyawan Amurka, watau mutanen ƙasar na asali, suka kawo. Har a watan Yuli, 2024, an raba wajen dala miliyan 2,000 ga mutum 43,000 waɗanda aka nuna wa bambanci wajen rance. Sai dai dala 50,000 ba ta sayen gonar da aka yi gwanjonta shekara goma sha biyar da suka wuce, da yawa kuma cikin masu ƙarar sun rasu kafin kuɗin su fito.

Bayan wannan an yi gyare-gyare. Yanzu kwamiti ba shi da ikon amincewa da rancen sayen gona ko na aikin damina, ko hana shi. Ma'aikatan Gwamnati da aka horar su ke wannan. Tun 1994 akwai wani sashen ɗaukaka ƙara mai zaman kansa, wanda manomi zai iya zuwa in bai gamsu da hukuncin gunduma ba. Dokar gona ta 2002 ta ce lalle a sanar da ranar ƙidayar ƙuri'u tun da sauran kwanaki, a buɗe ambulan a bainar jama'a, duk mai so ya zo ya tsaya ya gani, a kuma aika da rahoton yawan waɗanda suka yi zaɓe zuwa Washinton. Amma ba a rushe kwamitocin ba, ko da yake akwai masu neman haka. Hujjar masu kare su ita ce ta Wallace tun 1933: mutumin Washinton bai san ranar da ƙanƙara ta sauka a wace kwari ba, manomin wurin kuwa ya sani. Mu ma muna ganin hujjar tana da ƙarfi, in dai manoma za su daure su mayar da takardar ƙuri'ar da aka aiko musu.

To, mu koma ga makiyayan Dakota ta Kudu da muka bari da gawawwakin shanu. Sun ci wannan ɗari da gudummawar jama'a. Makiyayan waɗansu jihohi har karsana suka riƙa aiko musu kyauta. Sai ran 7 ga Fabrairu, 2014, Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar gona. Dokar ta maido da diyyar dabbobi, ta mai da ita ta dindindin yadda ba za ta sāke ƙarewa da wa'adin doka ba, ta kuma ce a biya duk hasarar da aka yi tun daga 1 ga Oktoba, 2011. Ran 15 ga Afrilu aka buɗe rajista, wata shida bayan guguwar. Makiyaya suka zo da hotuna, da lambobin kunne, da takardun likitan dabbobi, da lissafin garke wanda suka taɓa kai wa banki. Akawuna suka cika fam, suka ɗora a teburin kwamiti, inda maƙwabtansu ke zaune, waɗansunsu ma nasu shanun suna cikin waɗanda dusa ta binne.